Yadda Maganar Sauda Ta Shiga Mujalla

Lailatu Hammadu 'yar Lakwaya ce, ta wajen Gwarzo. Kakanninta makiyaya ne, amma ita ba ta tarar da garke ba. Abin da ta tashi ta gani shi ne shanun huɗa, da 'yan tumaki, da gonar dawa da gyaɗa wadda mahaifinta yake nomawa yana mita, don har ya koma ga Allah bai daina kallon noma a matsayin wani abu da ya same shi ba. Shi ya sa ta a boko, wai don a samu mai karanta wa gidan takardar asibiti. Tana gama sakandare aka yi mata aure da wani malamin makaranta mai suna Badamasi, mutumin Gwarzo, kuma daga ɗakinta ta ci gaba har ta samu difloma a fannin aikin walwalar jama'a.

Ta daɗe tana wannan aiki a ƙaramar hukuma. Ita ake kira in an tsinci yaro a tasha bai san gida ba. Ita ke kai wa alƙali rahoto in ana rigimar riƙon 'ya'ya bayan saki. Ita ke bin guragu ƙauye-ƙauye in an kawo kekuna. Allah ya yi mata wata baiwa, mutane suna buɗe mata ciki. Ba ta da yawan magana, Fulatancinta ma guntu-guntu ne, amma in ta cire takalmi ta zauna a kan tabarma ta yi shiru, sai ka ga matar da ta shekara ba ta gaya wa kowa damuwarta ba ta fara magana.

Ta yi digiri na farko da na biyu a daddafe, da goyo a baya, sannan wata kwaleji ta ɗauke ta koyarwa. A aji ba ta da matsala, ɗalibai suna son darasinta saboda duk abin da ke cikin littafi ta taɓa ganinsa da idonta. Matsalar tana wajen ƙarin girma. Ba a ɗaga malami sai ya nuna takardun bincike da mujallu suka buga masa, ita kuwa abin da hannunta ya saba da shi rahoton ofis ne: an je, an gani, ana ba da shawara gwamnati ta taimaka. Ta aika wa wata mujalla irin wannan, shiru. Ta aika wa wata, suka mayar mata da layi biyu, cewa ba su ga tambayar da take son amsawa ba, ba su kuma ga hanyar da ta bi ba. Waɗanda suka zo bayanta suka yi ta wuce ta, har da wanda ta koyar. Wani abokin aikinta ya ji tausayinta ya ce zai sa sunanta a takardarsa, ta yi masa godiya ta ce a'a, ba za ta iya tsayawa gaban kwamiti tana kare abin da ba ta san yadda aka yi shi ba.

Ana nan sai ƙungiyar malaman fannin ta shirya taron bita a Kano kan yadda ake bincike da rubuta shi. Jagoran bitar wani dattijo ne siriri, Dakta Zainulabidin, wanda ba ya rabuwa da jan biro. Ranar farko ya zagaya yana tambayar kowa abin da yake son bincika. Da aka zo kanta ta ce, "Matsalolin tsofaffi a karkara."

Ya ce, "Malama Lailatu, wannan ai gona guda kika nuna min. Nuna min kunya ɗaya wadda za ki iya nomewa. Me kike so ki sani wanda ba ki riga kin sani ba?"

Ta kwana biyu tana juya tambayar. Sai ta tuna gidajen da take shiga a da, inda za ka tarar da tsoho a zaure yana surutai, da wata mace a tsakar gida wadda ba a taɓa tambayarta komai. Ta dawo ta ce tana so ta san wa ke kula da tsohon da gigin tsufa ya kama a ƙauye, kuma yaya yinin mai kulawar yake, daga asuba zuwa magariba. Dakta ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "To, yanzu kin fara."

Abin da ta koya a makon nan ya fi abin da ta koya a shekarun digiri. Ta koyi neman abin da wasu suka riga suka rubuta, da karanta shi tana gardama da shi. Ta koyi ɗaukar hira a waya, ta zauna ta kwafe ta kalma da kalma, ba ta gyara wa mutum bakinsa. Ta koyi gudun mujallun da ke cewa ka turo yau su buga jibi. Ta koyi cewa in masu tantancewa suka yi kaca-kaca da takarda, ba zagi ba ne, aikinsu ke nan. An ware yini guda cur a kan amanar waɗanda ake yi wa tambayoyi. Dakta ya nanata musu cewa sauya suna kawai ba ya ɓoye kowa, domin a ƙauye da sana'a da tabo da sunan unguwa ake gane mutum. Lailatu ta rubuta wannan ta ja masa layi. Bayan an tashi daga bitar suka ci gaba da haɗuwa wata-wata, su kaɗan, kowa ya kawo abin da ya rubuta a karanta a gyara.

Da damina ta faɗi ta fara fita. Ranakun da ba ta da aji takan hau acaɓa ta shiga ƙauyukan Garo da Gammo da nasu na Lakwaya, taɓo har gefen zane. Ta yi hira da mata da dama da maza 'yan kaɗan. A wani ƙauye na Gammo ta haɗu da Sauda.

Sauda ta girme ta, shi ya sa take ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ta dawo gidan mahaifinta tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mahaifin, Malam Abdulmumini, shi ne ladanin masallacin ƙauyen tun kafin a haifi yawancin masu salla a cikinsa. Ido ɗaya gare shi, saniya ta tsone ɗayan yana saurayi. Yanzu ya ruɗe, ba ya gane kowa, yakan tashi da hantsi ya kama kiran sallar asuba. Ƙannen Sauda maza suna Kano. Babbansu Badaruddeen yana aiko da shinkafa da magani duk ƙarshen wata, kuma sukan zo da Salla.

Lailatu ta yi mata bayani yadda aka koya mata. Ta ce ba tallafi ta kawo ba, rubutu za ta yi don masana su san halin da masu jinyar tsofaffi suke ciki, kuma tana iya cewa ba ta so.

Sauda ta ce, "Sunana zai fito?"

"Ba zai fito ba, Adda Sauda. Ba wanda zai gane ke ce. Na yi miki alkawari."

Zuwa na farko Sauda ba ta faɗi wani abu mai yawa ba. Zuwa na biyu ma haka, sai lissafin aiki: wanka, wanki, ɗura masa koko, neman shi in ya fice. A zuwa na uku ne, suna zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, tsohon yana gyangyaɗi a kan buzu, Lailatu ta lura da wani tsohon zane da aka murɗa kamar igiya, ɗaure a jikin bishiyar. Ba ta tambaya ba. Sauda ta ga inda idonta ya tsaya.

Ta ce, "Kin gani ko? To bari in gaya miki. Bara ya fice ina wajen injin niƙa, aka tsamo shi a kududdufi, ruwa har wuya. Tun daga nan in zan fita ba kowa a gida, sai in ɗaura masa wannan a ƙafa. Ba ya ciwo, na gwada a tawa ƙafar. Rannan ina ɗaurawa ya dube ni ya ce, yarinya, ke 'yar wace ce? Allah ya yi wa iyayenki albarka, kwance ni in je in kira salla. Wallahi Malama, a ranar na ce a raina, ya Allah ka ɗauke shi ko ka ɗauke ni, ɗaya ya huta."

Ta fashe da kuka. Lailatu ta riƙe hannunta, wayar kuma tana kan tabarma tana ɗauka. Da ta natsu ta ci gaba da magana mai tsawo, har ta ce duk ruɗewar nan ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata, ko da bai san ko ita wace ce ba.

A hanyar komawa Gwarzo zuciyar Lailatu biyu ce. Tana jin tausayin Sauda har cikin ƙashinta, kuma a ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan daɗi da ta ƙi ta kalla sosai, daɗin mai bincike da ya san ya samo abin da zai riƙe takardarsa.

Rubutun ya ci watanni. Dakta Zainulabidin ya yi ta mayar mata da shi jajawur. Mujallar da suka zaɓa tana da iyakar kalmomi, dole ta yi ta yanka, ta zubar da maganganu da yawa masu daɗi. Sauda ta zama "mai amsa ta bakwai", mahaifinta ya zama "wani dattijo". Ta aika. Bayan dogon jira amsa ta zo, kuma a karon farko a rayuwarta ba kora ba ce. Masu tantancewa sun ce a gyara a dawo da ita. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa maganar mai amsa ta bakwai ita ce zuciyar takardar, amma mai karatu bai san ko wane ne dattijon ba, balle ya fahimci me ya sa yake neman a kwance shi ya kira salla. A ƙara bayani a kansa.

Ta ƙara. Ta ce tsohon ladani ne a wani ƙauye na Gammo, mai ido ɗaya, 'yarsa mai sayar da man gyaɗa ce ke jinyarsa, 'ya'yansa maza suna birni. Da ta karanta sai ta ga sakin layin ya tashi da rai, kamar kana ganin mutumin.

A haɗuwarsu ta watan, Dakta ya kewaye wurin da jan biro ya tura mata takardar.

Ya ce, "Malama Lailatu, ladanai nawa ne masu ido ɗaya a Gammo?"

Ta ce, "Su suka nema, ranka ya daɗe."

"Sun nemi su fahimta, ba su nemi adireshi ba. Ki ce mutum ne da ya saba hidimar masallaci, ya wadatar. Ko kuma ki koma ki karanta wa matar, ki ji ta bakinta."

Ta ce to, za ta gyara. A lokacin saura kwanaki kaɗan a rufe karɓar takardun ƙarin girma na shekarar, kuma wasiƙar amincewa daga mujalla kawai take buƙata. Komawa Gammo yini guda ne, ga jarrabawar ɗalibai a kanta. Ta zauna gaban kwamfuta ta goge "Gammo" ta sa "Kabo", sunan ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Ta kai hannu kan "mai ido ɗaya", ta goge, ta karanta, ta ga abin ya yi lami, ta mayar. Ta ce a ranta, Turanci ne, a mujallar da malaman jami'a ma ba duka suke buɗewa ba, wa zai gani a can? Ta aika ba tare da ta sake nuna wa Dakta ba.

Aka buga. Aka ɗaga ta zuwa babbar lakcara. Badamasi ya yanka mata zakara, abokan aiki suka yi ta shigowa ofis suna taya ta murna, har wasu suka fara kawo mata nasu rubutun ta duba. Ta yi niyyar kai wa Sauda turmin atamfa, yau da gobe ba ta samu zuwa ba.

Bayan kaka, wata ranar Talata, wani mutum ya yi sallama a ofishinta, cikin shadda mai guga da hula zanna. Suka gaisa, ya tambayi aiki da iyali da gajiya, ta amsa, tana ta laluben inda ta san shi. Sannan ya ce shi ne Badaruddeen, ɗan Malam Abdulmumini ladan.

Ya ce, "Godiya na zo yi miki, Hajiya. Maiɗakina Fiddausi tana karatun aikin jinya, tana neman abin da aka rubuta kan tsofaffi a yankinmu don aikinta na ƙarshe, sai ta ci karo da takardarki a intanet. Tana karantawa ta kira ni ta ce zo ka ga Baffa. Wallahi da ba don ke ba, da har yanzu ba mu san abin da ake yi masa ba. Mahaifinmu, a ɗaure a bishiya kamar akuya! Ga kuma addu'ar da ake yi masa."

Lailatu ta ce, "Alhaji, ka karanta takardar duka?"

"Wurin dai da ya shafe mu. Fiddausi ta ɗauki hotonsa ta tura wa 'yan'uwa."

"Ai abin da takardar take cewa shi ne an bar wa mace ɗaya aikin da ya fi ƙarfin mutum uku. Ba laifinta nake nunawa ba. Ya taɓa faɗawa kududdufi, ka sani?"

Ya ce, "Da ta faɗa mana ta gaji, ai da mun san abin yi. Mu ba ta gaya mana ba, sai ta gaya wa duniya." Ya gyara zaman hularsa. "Mun riga mun ɗauko shi. Yana gidana, ɗakinsa daban, da fanka da katifa. Allah ya saka miki da alheri."

Ya tafi ya bar ta a zaune. Ba ta shiga ajin la'asar ba ranar.

Ta san ya kamata ta je Gammo washegari. Ta shirya, ta fito har bakin titi, ta koma. Ta shirya wani makon, ta ce sai ta samo abin da za ta faɗa tukuna. Ta kira Dakta Zainulabidin ta gaya masa komai, har da yadda ta goge ta mayar. Ya ce shi ma da nasa laifin, da ya nemi ganin kwafin ƙarshe kafin ta aika. Ya ce ta rubuta wa editan mujallar yau, ta kuma je wajen matar, kuma na biyun ya fi gaggawa. Ta yi na farkon a ranar. Na biyun ta ci gaba da ɗagawa.

Ta bakin wata ungozoma da ta sani a yankin take jin labari. An ce maganar ta zaga ƙauyen, wasu matan sun daina aikowa sayen mai, wasu kuma suna cewa duk mai tsoho a gida ya san abin da Sauda ta gani, amma a ɗaki suke faɗa, ba a bakin rijiya ba. An ce a Kano tsohon ya rikice fiye da da. Yana ta laluben ƙofa, dole aka riƙa kulle ɗakin da makulli. Ya ƙi cin abinci, Fiddausi ta yi iya ƙoƙarinta, har ƙarin ruwa aka yi masa. Badaruddeen ya yi fushin da ya hana shi kiran yayarsa, ita kuma ba ta da fuskar zuwa ba a kira ta ba. Da aka ga abin ya yi tsanani aka aika mata, ta kama hanya, ta iso an riga an fita da shi zuwa maƙabarta.

A ƙauye aka yi zaman makoki. Wannan karon Lailatu ba ta da wurin ɓuya. Ta shiga gidan cike da mata, ta durƙusa gaban Sauda ta ce, "Adda Sauda, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta."

Sauda ta amsa da amin, kamar yadda take amsa wa kowa. Ta rame, idonta a bushe. Da Lailatu ta tashi tafiya sai ta biyo ta har zaure ta ce, ƙasa-ƙasa, "Malama, in an yi arba'in ki dawo. Ki zo da takardar nan. Kowa ya ji abin da ke ciki, ni da na yi maganar ban ji ba."

Ta dawo kamar yadda aka ce. Gidan shiru, ba kowa sai kaji. Suka zauna a ƙofar ɗaki, Lailatu ta fara neman gafara, Sauda ta ɗaga mata hannu ta ce ta karanta tukuna. Ta riƙa karanta Turancin a zuci tana mayar da shi Hausa, tun daga farko, har da wuraren da ta san ba za su dami Sauda ba. Da ta zo inda aka ce a yawancin gidajen maza suna aiko da kaya, mace ɗaya kuma tana ba da barcinta da sana'arta da lafiyarta, Sauda ta ce, "Sake karanta nan." Ta sake. Sauda ta ce, "Wannan ba su tura wa kowa hotonsa ba."

Sannan aka zo kan mai amsa ta bakwai. Lailatu ta karanta har ƙarshe, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba.

Sauda ta ce, "Ba ki yi min ƙarya ba, na faɗa. Amma kin sa kamar kullum a ɗaure yake. In zan je inji ne kawai, ko rijiya. Kuma ina wurin da na ce ba ya cin abinci sai a hannuna?"

"Ban sa ba."

"Na faɗa miki ai. Wayarki tana nan a kan tabarma."

"Kin faɗa. An ce takardar ta yi tsawo, sai na cire."

"Kika cire wannan, kika bar idonsa." Ba da faɗa ta yi maganar ba, kamar mai son ta gane yadda aikin yake ne. "Da kin bar shi, da Fiddausi ta gani, da wataƙila sun tafi da ni tare da shi. Ko ba don ni ba, don ya ci abinci."

Lailatu ta ce, "Na yi miki alkawari na karya. An ma gargaɗe ni, ban ji ba. Ki yafe min."

Sauda ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, wannan na sani. Ba ke kika kashe shi ba, kada ki ɗora wa kanki. Yafiya kuma, ina roƙon Allah ya ba ni ikonta, ba zan ce miki na yi ba alhali ban gama ba." Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. "Ranar nan da na yi miki magana na ji sauƙi, har na yi barci. Shi ne abin da ya fi ba ni haushi."

Editan mujallar ya amsa bayan wani lokaci. Aka cire ladancin da idon da sana'ar, aka sa ɗan bayani a ƙasa cewa an yi gyara don kare wadda aka yi hira da ita. Hoton da ke wayoyin dangi kuwa yana nan yadda yake. Matsayin Lailatu a kwaleji ma yana nan. Ta taɓa tambayar Badamasi ko akwai yadda mutum zai mayar da ƙarin girma, ya ce bai taɓa ji ba, kuma ko ta mayar ba Sauda za a ba wa ba. Ta roƙi Badaruddeen ya ba ta lokaci ta karanta masa takardar duka, ya ce abin ya wuce, a bar shi. Shi da yayarsa suna gaisawa a taron suna da na biki, iyakarta ke nan.

Lailatu ta fi shekara ba ta rubuta komai ba. Dakta Zainulabidin bai matsa mata ba, amma bai cire sunanta daga haɗuwar wata-wata ba, kuma duk wata sai ya kira ya ce ana jiranta. Daga baya ta koma. Binciken da take yi yanzu a kan mazan da ke jinyar matansu ne, kuma kafin ta aika da komai sai ta koma gida-gida ta karanta wa kowa abin da ta sa a bakinsa, da Hausa, ta tambaye shi me za a cire, me kuma ta bari a baya wanda yake so a mayar. Aikin yana cin lokaci ninki biyu. Wani dattijo a Garo ya saurara har ƙarshe ya ce a cire nasa gaba ɗaya, kuma nasa ne ya fi kowanne ƙarfi. Ta cire. Mujallar da ta fara aika wa ta mayar da takardar, ta ce ba ta da armashi. Tana gyarawa za ta gwada wata.

Da aka sake shirya bita, Dakta ya ba ta yinin amana ta jagoranta. Tana koyar da shi dalla-dalla, takan ba matasan malamai sakin layi ta ce su nemo duk abin da maƙwabci zai gane mutum da shi. Wata daga cikinsu ta taɓa tambayarta ko ta san wani da irin wannan ya taɓa cutarwa a zahiri, ko dai tsoro ne kawai na littafi. Lailatu ta ce ta sani, amma ba ta da izinin ba da labarin, su ci gaba da aiki.

Sauda ta rufe gidan mahaifinta ta koma Garo wajen babbar 'yarta. Kwanakin baya aiki ya kai Lailatu garin, ta nemi gidan ta yi sallama. 'Yar ta fito ta karɓe ta da mutunci, ta ce Inna ta tafi unguwa. Lailatu ta zauna ta jira har aka yi la'asar. Ba ta san ko da gaske unguwar aka tafi ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta bar sallahu a gaishe ta, ta nemi acaɓa ta koma Gwarzo, don washegari tana da aji da safe.